Ginin Ƙasa da Sabunta Kangon Gari a Ƙasar Hausa

Tun kafin masana fasalin birane su fara maganar gine-gine marasa cutar da muhalli, wato waɗanda ba su cin makamashi mai yawa wajen gina su ko sanyaya su, biranen Kano da Katsina da Zariya suna da hanyarsu ta raya unguwar da ta zama kango, kuma tushen wannan hanya shi ne cewa ƙasar da aka gina gida da ita ba ta zama shara idan gidan ya faɗi. Magina sukan farfasa tsohuwar katanga, su jiƙa ta, su cuɗa ta da ciyawa, sannan su mulmula tubali, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda ake shanyawa a rana, su sake ta da ɗaki a kan harsashin na da. Azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, ita ma akan zare ta daga rufin da ya rufta a kai ta sabon soro.

Sauran kayan aikin ma daga sana'o'in gari suke fitowa, domin makuba, wadda ake shafa wa bango don ruwa kada ya zaizaye shi, daga ɓawon ɗorawa ake samunta, laso kuwa, wanda ya fi ta ƙarko, ana haɗa shi ne da katsin da ke kwantawa a marina da gashin da majema ke kankarewa daga fata. Ramin da aka haƙi ƙasa a cikinsa shi ke zama kududdufi, ya tara ruwan damina, ya rage wa unguwa ambaliya. Da irin wannan fasaha aka gina ganuwar Kano, wadda Tarihin Kano ya danganta farkonta ga Sarki Gijimasu (1095–1134), aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), da ita kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi mai nauyi, wanda masu yabonsa daga nesa sukan manta: yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara da kula da indararo, kuma gidan da magada suka watse suka bari, damina kaɗan ke kwantar da shi.

Wannan nauyi na daga cikin abin da ya buɗe wa kwano da siminti ƙofa bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, sannan kuɗin man fetur na shekarun 1970 suka ƙarasa aikin, har ta kai a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cunkushe tashar Legas. Bulo ya zama alamar wadata, ginin ƙasa ya koma alamar rashi, aka riƙa cike kududdufai ana yanka filaye a kansu. Abin da ba a lissafa ba a lokacin shi ne ɗakin bulo mai rufin kwano yana ɗaukar zafi fiye da soro mai kaurin bango, kuma sarrafa siminti yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, wato iskar da ke kan gaba wajen ɗumamar yanayi.

Zamanin siminti ya haifar da nasa kangon, wanda ba ya narkewa ya koma ƙasa. A Kakuri ta Kaduna, inda aka buɗe masaƙar KTL a 1957, da Bompai da Sharaɗa a Kano, masana'antu da dama sun rufe bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ƙarancin lantarki da kwararowar atamfa daga waje, suka bar manyan rumfuna a wuraren da tuni suke da titi da ruwa da layin wuta. A daidai wannan lokaci Abuja, wadda aka kafa da doka a 1976 aka kuma koma cikinta a Disamba 1991, ta riƙa bunƙasa ta hanyar cin sabon daji, kuma tsadar haya da rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 suka tura masu ƙaramin ƙarfi zuwa garuruwan gefe irin su Zuba da Tungan Maje a yankin Gwagwalada, inda gonaki suka riƙa komawa gidajen bulo, alhali a cikin birnin akwai rukunin gidaje da gine-ginen da aka bari ba kowa.

A Turai an gwada raya irin waɗannan wurare, misali Vauban a birnin Freiburg na Jamus, barikin da sojojin Faransa suka bari a 1992 aka mayar da shi unguwa mai gidajen da ke cin makamashi kaɗan. Misalin da ya fi kusa da Bahaushe kuwa yana Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, inda tsohon masallacin ƙasa, aikin magini Falke Barmu, wanda masallacinsa na Yama ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, ya lalace har ana shirin rushe shi. Masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka ba da shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa matsattse, wato jar ƙasa da ake matsewa a inji a maimakon a gasa ta, aka kuma sa maginan gargajiya cikin aikin, wanda aka kammala a 2018 da sunan Hikma.

Dandaji ƙaramin gari ne, saboda haka ba a iya auna Kakuri ko Sharaɗa da shi kai tsaye, domin a babban birni matsalar fili ta fi ta kayan gini wuya. Nijeriya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, amma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora filayen birane a hannun gwamnoni, na Abuja kuma a hannun gwamnatin tarayya ta ofishin ministan birnin, don haka canja amfanin filin masana'anta zuwa gidaje ko makaranta sai da sa hannun waɗannan ofisoshi.