Babu Sharƙi: Ƙofar Rumawa da Ta Ga Shigar Sahabbai Dimashƙa

A wannan fitowa zan kai mu ƙasar Sham, mu tsaya a bakin wata ƙofa ta tsohon birnin Dimashƙa, wadda Larabawa ke kira Babu Sharƙi, wato Ƙofar Gabas.

Rumawa sun karɓi Dimashƙa shekara 64 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sun kewaye ta da ganuwa mai ƙofa bakwai, kuma a cikinsu wannan ce kaɗai ta tsira da siffarta ta asali. An gina ta da dutse wajen shekara ta 200 Miladiyya. Baki uku gare ta: babba a tsakiya domin ayari da kekunan doki, ƙanana biyu a gefe domin masu tafiya a ƙasa. Daga baya aka toshe biyu saboda tsaro, aka ɗora mata hasumiya, sai a ƙarni na 20 aka sake buɗe su.

In ka shiga, za ka hau Miƙaƙƙen Titi, mai tsawon kusan mita 1,500, wanda ya raba birnin daga gabas har Ƙofar Jabiya a yamma. Kusa da ƙofar unguwar Kirista ce, akwai ma wata tsohuwar majami'a ta Hananiya da sai an sauka ƙarƙashin ƙasa, domin garin ya yi ta hawa kan kufansa. Ɓangaren yamma na titin kuwa yau kasuwa ce mai rufi, Kasuwar Midhat Basha.

To, ga abin da ya sa na zaɓi wannan ƙofa. A shekara ta 14 bayan Hijira, wato 635, rundunar Musulmi ta kewaye Dimashƙa. Riwayar da ta fi shahara ta ce Khalid ɗan Walid (RA) ya shiga ta Babu Sharƙi da ƙarfin takobi, a daidai lokacin da mutanen gari suka buɗe wa Abu Ubaida (RA) Ƙofar Jabiya bisa sulhu. Sai suka haɗu a tsakiyar gari. Tambaya ta taso: birnin nan cin yaƙi ne ko na amana? Ba ƙaramar magana ba ce, domin a kanta rayuka da gidaje da majami'u suka rataya. A ƙarshe aka zartar da sulhu a kan garin gaba ɗaya.

Daga titin in ka karkata arewa za ka iske Masallacin Banu Umayya. Wurin da farko ɗakin bautar gunkin Rumawa ne, Jufita, har yau ginshiƙansa na tsaye a ƙarshen Kasuwar Hamidiyya. Daga nan ya zama majami'ar Annabi Yahaya (AS). Kusan shekara 70 Musulmi da Kirista suna ibada a harabar, kowa da ɓangarensa, har Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya rushe majami'ar a 706, ya gina masallacin da aka kammala a 715. Kun san Kiristocin ba su yi shiru ba? Malamin tarihi Balazuri ya kawo cewa sun kai kuka wurin Umar ɗan Abdul'aziz, ya saurare su saboda alkawarin nan na farko, aka daidaita da bar musu wasu majami'u a madadi. A jikin masallacin ta arewa kuma akwai kabarin Salahuddin Ayyubi, wanda ya rasu a 1193. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Jama'a, ku duba fa. Masu takobi a hannu ne suka bi maganar sulhu, kuma bayan shekara sama da 80 mai mulki bai ce ai ta tsufa ba. Mu da muke zaune a garin wasu, filin masallacinmu da rumfunanmu na kasuwa duk a kan yarjejeniyar da iyayenmu suka ƙulla da masu gari suke. In muna son a riƙe mana ita ranar da ba mu da ƙarfi, sai mu riƙe ta ranar da muke ganin muna da shi. Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, amin.