KUNTIGIN ƊAN MARAYA: WA ZAI KOYA WA NA BAYA?

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan Jami'ar Jos. Rubutun yau da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni har ƙarshe.

Jami'armu a cikin gari ta fara, a tsohon kamfas ɗin da ke Gangare. A 1971 aka buɗe ta a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, a 1975 ta samu cin gashin kanta. A waɗancan shekarun, da wuya ka kunna rediyo a Arewa a wuni ba ka ji kuntigin wani ɗan garin nan ba. Yau fa? A duk hostal ɗinmu, mutum nawa ne zai iya ɗaure tsirkiyar kuntigi, balle ya kaɗa?

Bari mu koma baya kaɗan. Kuza ce ta cika Jos da Bukuru da baƙi. Da Turawa suka buɗe ma'adinai a farkon ƙarni na 20, aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso nan a 1914. Leburori suka yi ta kwararowa daga Kano, Zazzau, Bauchi, Katsina da Barno. Mahauta, 'yan koli da masu tuwo suka biyo su, unguwanni irin su Gangare suka cika. To ai duk inda lebura ke karɓar kuɗi a ƙarshen mako, makaɗi ba ya nisa. Masu goge, masu kukuma, masu garaya da gurmi duk sun sami kasuwa a barikin kuza.

A cikin wannan duniyar aka haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yaron yana jariri, ba a daɗe ba mahaifiyar ma ta bi. Sarkin ne ya riƙe shi, daga nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali. Ku lura da wannan: gadon kiɗa yana gidansu, amma wanda zai koya masa ya riga ya kwanta dama. Yana yaro ya je Maiduguri, ya ga masu kiɗa a can, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa kuntigin da hannunsa.

Kuma wallahi in ka ga kayan sai ka yi mamaki. Ɗan gwangwanin kifin sardin, a rufe bakinsa da fata, a soka siririyar sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan. Da wannan ya yi Waƙar Karen Mota, ya ɗaga darajar yaron da kowa ke yi wa tsawa a tasha. Da shi ya yi Jawabin Aure da Auren Dole da Gulma Wuya, yana sauya murya, yanzu shi ne miji, an jima shi ne matar. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi. Gwamnati ta ba shi lambar girma, jami'ar nan tamu ma ta ba shi digirin girmamawa. Allah ya yi masa rasuwa a Jos ranar Asabar 20 ga Yuni, 2015.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A ƙasar Hausa ba a buɗe aji don koyon kiɗa. Hanya biyu ce: ko ka gada, ko ka bi ubangida. Yaro zai fara da ɗaukar kaya, ya koyi shafa ƙaro a izgar goge, ya koyi shanya fata da ɗaure ta, ya shiga sahun 'yan amshi, shekaru su ja kafin a bar shi ya riƙe kayan a gaban jama'a. Haka sana'ar su Garba Supa, Ali Makaho da Hassan Wayam masu kukuma, da Haruna Uji mai gurmi take tafiya. To shi kuntigi kiɗan mutum ɗaya ne. Ɗan Maraya galibi shi kaɗai yake tsayawa, shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne ɗan amshin kansa. Abin da ya fito da shi daban ke nan, kuma a ganina shi ya sa kuntigi ya rasa matakalar da yaro zai hau ya koya.

Sauran dalilan mun san su. Iyaye ba sa so a ce ɗansu maroƙi ne. Makarantar boko ta ɗauke yaran da a da za su yini gindin ubangida. Daga shekarun 1990 kuma fiyano ta shigo situdiyo, mutum ɗaya da kwamfuta ya maye gurbin ƙungiya guda. Batun hukuncin kiɗa kuwa fagen malamai ne, na bar musu. Ni tarihi nake magana.

Maƙwabtanmu na Nijar sun taɓa zuwa bakin wannan ramin. A wajen Budumawan Tafkin Chadi akwai wani kayan kiɗa mai tsirkiya biyar da ake kira biram, har ya zamana dattijo ɗaya ya rage da ya ƙware a kansa, Bukar Tar. Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, da girmansa ya samu tallafin UNESCO a 2002, ya je ya durƙusa gaban tsohon ya koya daga farko. Bayan rasuwar tsohon, shi ya zagaya da biram har Turai, kafin shi ma ya rasu a 2018. Ashe gemu ba ya hana ilimi.

Shi ya sa nake ganin mu ɗalibai muna da abin yi, kuma ba ya buƙatar miliyoyi. Har yanzu akwai dattawa a Jos da Bukuru da suka san ɗaurin fata da tsirkiya. A nemo su da ladabi, a biya su haƙƙinsu. Asabar ɗaya a wata, yara da safe, manya da yamma. Darasin farko kowa ya haɗa nasa kuntigin, gwangwani ai ba ya wuyar samu. Na biyu a koyi ɗaure tsirkiya har ta yi daidai a kunne. Na uku a fara karin kiɗa guda, a yi ta maimaitawa. A ɗauki komai a waya a adana. Masu neman taken kundin kammala digiri a tarihi ko wasan kwaikwayo, ga aiki a ƙofar gida.

Faifan Ɗan Maraya suna nan a intanet, ba za su ɓace ba. Amma faifai ba ya riƙe hannun yaro ya nuna masa inda zai ɗora yatsa. Duk wanda ya san wani dattijo mai kuntigi, kukuma ko garaya a Gangare, Bukuru ko garinsu, don Allah ya sanar da mu tun yana raye.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya, ya gafarta masa da iyayenmu baki ɗaya. Amin.