FASHIN BAƘI: Dandalin koyarwa ta intanet da makomar karatun malamai a ƙetare, daga TETFund zuwa iyakar Gobir

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2025, Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu na Ƙasa, TETFund, ya dakatar da ɗaukar nauyin sabbin malamai zuwa karatun digiri na biyu da na uku a ƙasashen waje. Waɗanda suka riga suka tafi za su kammala, sauran kuwa an ce su nemi gurbi a jami'o'in gida. Dalilai biyu asusun ya bayar: tsadar kuɗin ƙasashen waje, da yawaitar malaman da ke kammala karatu su ƙi dawowa. A watan Yulin 2023 Babban Sakataren asusun, Sonny Echono, ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Wakilai cewa malamai 137 ne suka yi layar zana ta wannan hanya. Naira kuma, wadda ake canzar da ita a kan kusan 460 ga dala ɗaya a kasuwar hukuma kafin watan Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024.

A daidai wannan tsakani ne asusun ke tallata wa jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha dandalin koyarwa ta intanet. Ana sa ran abin da malami zai je ya samo a Ingila ko Malesiya, wani kaso daga cikinsa ya riske shi a inda yake. Ko hakan zai yiwu, ya danganta da inda malamin yake zaune. Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, a gabashin Jihar Sakkwato, na daga cikin wuraren da suka fi bukatar irin wannan tsari, kuma suna cikin waɗanda ya fi wahalar aiki a cikinsu.

Mene ne dandalin, kuma me yake yi?

Mutane da dama na ɗaukar karatu ta intanet a matsayin lacca ta Zoom ko guruf na WhatsApp. Dandalin koyarwa ya wuce nan. Manhaja ce da makaranta ke buɗe wa kowane darasi ɗaki a cikinta: malami ya ɗora takardun karatu da sauti da bidiyo, ya ba da aikin gida tare da wa'adinsa, ɗalibi ya miƙa aikin a nan, a duba a nan, maki kuma ya shiga rajista kai tsaye. Manhajar tana adana tarihin komai, wane ya shiga, yaushe, me ya buɗe, me ya miƙa. Wannan ajiyar ita ce babban amfaninta ga karatun da ya haɗa ƙasashe biyu, domin jami'ar da za ta ba da shahada na bukatar hujjar cewa an yi karatun.

Guda biyu ne suka fi shahara a Najeriya. Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002, kyauta ce, sai dai makaranta ita za ta nemi rumbun ajiya da ma'aikatan da za su kula da ita. Blackboard ta kamfanin Amurka ce da aka kafa a 1997, kuma hayarta ake biya. Kowacce da nata nauyin: ta kyauta tana cin ƙwararru, ta haya tana cin dala.

A ɓangaren malamai, ana amfani da dandalin ta fuska uku. Akwai malamin da shi ne ɗalibi, yana digiri na uku a wata jami'ar waje amma yana zaune a gida mafi yawan lokaci, mai duba kundinsa na bibiyarsa daga nesa. Akwai wanda ya tafi waje amma bai yanke da ɗalibansa na gida ba. Sai na uku, inda malamai biyu daga ƙasashe biyu ke haɗa ajinsu su koyar da darasi ɗaya, tsarin da Jami'ar Jihar New York ta yi fice da shi tun wajen 2006 da sunan COIL.

Yadda aka kai ga TERAS

Annobar korona ce ta fallasa halin da ake ciki. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, Ministan Ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun koma. Na gwamnati kuwa, ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin ƙungiyar malamai ta ASUU ta shiga yajin aikin da ya kai watan Disamba, kuma ta ce babu kayan aikin da za a yi irin wannan karatu da su. In ban da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN da cibiyoyin karatu daga nesa irin ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kaɗan ne ke da abin da za su jingina da shi.

A 2023 TETFund ya ƙaddamar da TERAS, wata ƙofa guda da ta tattaro Blackboard, da manhajar gano satar rubutu mai suna EagleScan, da mujallun bincike na duniya, da rajistar tantance malamai da ɗalibai. Makarantun gwamnati ne kaɗai ke cin gajiyar asusun, wanda kuɗinsa ke fitowa daga harajin da ake ɗora wa kamfanoni. A Sakkwato hakan ya haɗa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. A ƙarshen wannan shekarar kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da ƙa'idojin da jami'o'in waje za su bi su yi aiki a Najeriya, ko ta buɗe reshe, ko ta haɗin gwiwa da jami'ar gida, ko ta karatu daga nesa. Da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shirin tallafin karatu na yarjejeniya da ƙasashen waje a watan Afrilun 2025, sai alƙiblar gwamnati ta fito fili: ɗalibi ya zauna gida, ilimi ya zo ya same shi.

Wani abin lura shi ne, Anthology, kamfanin da Blackboard ta koma ƙarƙashinsa a 2021, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Amurka a watan Satumban 2025. Makarantar da ta zuba darussanta na shekaru a rumbun wani kamfani tana bukatar sanin yadda za ta kwashe su idan hali ya sauya.

Ƙasar waje mafi kusa

Ga mutumin Sabon Birni, kalmar "ƙetare" ba ta da nauyin da take da shi a Abuja. Maraɗi ta fi masa Sakkwato kusa, kuma Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa sabuwar hedikwata bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, tana gefen Maraɗi ne. Sabon Birni kanta daga Tsibiri masu kafa ta suka ɓallo a ƙarni na 19. Harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya, kasuwanni ɗaya. Tafiya neman ilimi ma ba baƙon abu ba ce a wannan ƙasa: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin Nijar ta yau, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas.

A Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta gwamnatin Nijar, wadda aka kafa a 2010, tana koyarwa da Faransanci. Akwai kuma Jami'ar Maryam Abacha da Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa a 2013, wadda ta ja ɗalibai masu yawa daga arewacin Najeriya saboda tana koyarwa da Ingilishi, kafin ta buɗe takwararta a Kano a 2021. Malaman Najeriya sun daɗe suna ƙetara iyaka su koyar a irin waɗannan makarantu su dawo. Jami'o'in Jihar Sakkwato kuwa duk suna babban birni ne da kewayensa. Malamin sakandare a Isa da ke son ƙaro karatu, ko malamin kwaleji da iyalinsa ke Sabon Birni, dole ya hau titi, ko gabas ko yamma.

Titin ne matsalar. Wannan shi ne yankin da Bello Turji da yaransa suka yi ƙaurin suna. A watan Disambar 2021 'yan bindiga sun ƙone wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni, sama da mutum ashirin suka rasu a ciki. A watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannunsu a watan Agusta. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji da kewayen Maraɗi suna gudun hijira. A wurin da tafiyar rabin yini ke iya zama ta ƙarshe, duk laccar da za a iya ɗauka daga ɗaki ba ƙaramar riba ba ce.

Sabis da wuta

Sai dai abin da ya hana tafiya shi ne kuma yake kashe sabis. A watan Satumban 2021, bayan Zamfara, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Bayan harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba, inda gomman mutane suka mutu, gwamnan da kansa ya nemi a dawo da layukan, domin jama'a sun rasa hanyar kiran agaji. Da a ce akwai malamin da ke da wa'adin miƙa babi ga mai duba kundinsa a waɗannan makonni, babu wata manhaja da za ta cece shi. A garuruwan bakin iyaka, layukan Nijar da ke ɗan ƙetarowa ne suka zama madogara, kuma har yau ba abin mamaki ba ne a ga mutum da layin ƙasashen biyu a waya ɗaya.

Bayan shekara biyu abin ya juyo ta ɗaya ɓangaren. Juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai ya jawo takunkumin ECOWAS: aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar, Maraɗi kuma daga layin Katsina take sha. Sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗe iyakar. Cikin waɗannan watanni malami ba zai ƙetara ba, kuma lokacin da dandalin zai fi amfani ya zo daidai da lokacin da wutar cajin waya ta yi ƙaranci.

Ko a ranakun da komai ke lafiya, akwai batun kuɗi. Sa'a guda ta lacca kai tsaye da bidiyo tana iya cinye rabin gigabait na data ko fiye, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Starlink ta shigo Najeriya a farkon 2023, amma kuɗin na'urarta da na wata-wata ya fi ƙarfin albashin ƙaramin malami. Makaranta ko cibiya mai sola ce za ta iya.

Wace shahada ake karɓa?

A nan ne mutane suka fi yin asara. Yin karatun daban, amincewar hukuma da shi daban. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya ta sanar cewa ba za ta karɓi shahadar likitanci da aka samu ta karatun intanet ba. A 2023 yaƙin Sudan ya koro ɗalibai 'yan Arewa masu yawa gida, wasu jami'o'in can suka ci gaba da darussa ta intanet, wannan tambaya ta sake tasowa. A watan Janairun 2024 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance shahadun Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya shiga aji ba. Tun daga lokacin ake kallon takardun maƙwabtan ƙasashe da idon tuhuma, har da na makarantun da ba su da laifi.

Saboda haka malamin da zai shiga shirin da rabinsa ta intanet ne yana da tambayoyin da ya kamata ya samu amsarsu a rubuce kafin ya biya ko sisi: shin NUC ta san da shirin, shin majalisar jami'arsa za ta lissafa shahadar wajen ƙarin girma, kuma watanni nawa ake bukatar ya zauna a can da jikinsa. Fannonin da ke bukatar ɗakin gwaji ko asibiti ba sa cikin lissafi tun farko.

Ita ma makarantar da ta karɓi dandali, buɗe wa malamai asusu bai wadatar ba. Shirya darasi don intanet aiki ne mai cin lokaci, kuma malamin da ke fama da aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba zai yi shi ba idan ba a rage masa wani nauyin ba, ko aka sa shi cikin ma'aunin ƙarin girma. Tsarin da ya dace da Sabon Birni da Isa shi ne wanda aka gina bisa tsammanin sabis zai ɗauke: rubutu da gajeren sauti a maimakon dogon bidiyo, darussan da ake saukewa a waya a karanta ba tare da intanet ba, kamar yadda manhajar Moodle ta waya ke bayarwa, da wa'adin miƙa aiki da ake ƙidayawa da makonni. Jarrabawa kuwa, yawancin shirye-shiryen da hukuma ta amince da su har yanzu suna bukatar ɗalibi ya bayyana a cibiya, kuma cibiyar da ta fi kusa tana Sakkwato ko Maraɗi, a ƙarshen wancan titin.