Tiga: Ruwan Manomi, Wutar Birni

Kogin Kano yana gangarowa ne daga tsaunukan da suka haɗe da tudun Jos, ya shigo ta ƙasar Doguwa, ya ratsa dajin Falgore da Tudun Wada, kafin ya iske bangon da aka gitta masa a Tiga ta ƙasar Bebeji. Gwamnatin Audu Bako ce ta gina wannan madatsa tsakanin 1971 da 1974. Bango ne na ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6 da tsayin mita 48, an kuma tsara tafkin ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 1.9. Duk injiniyan lantarki da ya ji waɗannan alƙaluma, abin da zai fara zo masa a rai shi ne janareta. Amma sai da ruwan ya yi kusan shekara arba'in yana kwarara kafin a ba da kwangilar kafa masa injin.

Ba rashin sani ne ya jawo jinkirin ba. Tun 1923 masu haƙar kuza suka fara samar da lantarki daga magangarar ruwan Kwall a ƙasar Filato, kamfanin NESCO ya biyo baya da tashar Kurra, sannan aka kammala Kainji a 1968. Injiniyoyi ma akwai su, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta gaji koyar da injiniyanci daga tsohuwar kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya tun kafuwarta a 1962.

Dalilin farko shi ne manufa. An gina Tiga a shekarun da fari ya addabi yankin Sahel, don haka abinci da ruwan sha ne a gaban hukuma: a kai ruwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, a kuma shayar da birnin Kano. Na biyu shi ne doka. A 1972 aka haɗe hukumar lantarki ta ƙasa da hukumar madatsun Neja aka samar da NEPA, wadda a wancan lokacin ita kaɗai ke da ikon samar da wutar jama'a da rarraba ta. A 1976 kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, madatsar ta koma hannunta. Ruwan na wata hukuma, wutar ta wata, jihar da ta gina bangon kuwa ta zama 'yar kallo.

Binciken jami'a shi ma sahun wannan rabo ya bi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar gwajin noman rani a Kadawa, inda aka daɗe ana nazarin alkama da tumatir da yawan ruwan da kowane amfanin gona ke sha. Ba a kafa wa lantarki takwararta a bakin madatsar ba. Sassan injiniyancin lantarki na Zariya, da na Jami'ar Bayero daga baya, sun fi fuskantar babban layin ƙasa, domin can ne ɗalibansu ke samun aiki. Da aka zo raba cibiyoyin binciken makamashi ga jami'o'i, Sakkwato ta samu ta hasken rana, Zariya ta nukiliya, ta wutar ruwa kuma aka kai ta Jami'ar Ilori. Ba laifi ba ne a rabon, Ilori ta fi kusa da Jebba da Kainji. Sai dai matsalar madatsar da aka gina domin lantarki daban take da ta wadda aka gina domin manomi.

Ga bambancin. Ƙarfin wutar da ruwa ke bayarwa ya dogara ne a kan abu biyu: tazarar da yake faɗowa, da yawan wanda ke wucewa a kowace daƙiƙa. A ƙaddara ruwan na faɗowa mita 30, injin kuma yana mayar da kashi 85 cikin ɗari na ƙarfinsa zuwa lantarki. Kafin a samu megawat 10, sai an saki kusan kubik mita 40 a kowace daƙiƙa. Idan aka ɗore a haka dare da rana har shekara ta zagayo, an zubar da wajen kubik mita biliyan 1.26 ke nan, kusan kashi biyu cikin uku na duk abin da aka tsara tafkin ya ɗauka. Ba mai kula da madatsa da zai yarda da wannan. Manomi yana son ruwa da rani, da damina kuma so ake a rufe ƙofa tafki ya cika. Sannan gwargwadon yadda rani ke nisa, haka ruwan ke ja baya, tazarar faɗuwarsa ta ragu, injin ya ba da wuta kaɗan daga ruwa iri ɗaya, daidai lokacin da zafin bazara ya sa buƙatar wuta ta ƙaru. Ke nan megawat 10 iyakar ƙarfin injin ne. Abin da za a samu a hannu kuwa, kalandar noman rani ce za ta yanke shi.

A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ba kamfanin Skipper mai tushe a Indiya kwangilar samar da megawat 35 daga madatsun Tiga da Challawa, 10 daga ciki a Tiga. Aikin ya tsallaka zuwa gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, ya kwashe kusan shekara goma ana yin sa. Wutar kuwa an nufe ta ne ga fitilun titunan birni da matatar ruwa ta Tamburawa. Akwai hikima a nan, domin daga Kogin Kano Tamburawa ke jan ruwanta: ruwan da ya juya injin a Tiga shi ne wutarsa za ta tura zuwa famfunan Kano. Amma mutumin Bebeji ko Kiru da ke kallon waya ta wuce ta kan gonarsa yana da damar tambayar rabonsa.

Katangar doka ta faɗi a 2023, lokacin da gyaran kundin tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki suka ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko a inda babban layi ya kai. Abin da ya rage yanzu aikin ɗakin bincike ne. Yaya za a tsara sakin ruwa wata-wata yadda gona da janareta za su rayu tare? Yaya ƙaramar tasha za ta riƙe bugun wutarta a kan 50 a daƙiƙa idan babban layi ya durƙushe ya bar ta ita kaɗai da manyan famfuna? Wuta nawa ke salwanta a kan waya tsakanin Tiga da birni, tafiyar kusan kilomita 70? Hasken rana zai iya cike gurbin tsakar rana, a adana ruwa domin dare?

Ba ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da za a sayo amsarta tare da injin daga Indiya. Suna buƙatar awon ruwan sama na Doguwa da Tudun Wada, da rajistar matakin tafki ta shekara da shekaru da ke hannun hukumar kogunan, da injiniyan lantarki da zai zauna tebur ɗaya da masanin noman rani. Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil duk tafiyar sa'a biyu ba ta raba su da bangon Tiga ba.