Wa Ke Rufe Shago? Tarihin Hutu a Sana'ar Waya a Maiduguri

Ranar 14 ga Mayu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihohin Borno, Yobe da Adamawa, kwanaki kaɗan bayan haka kuma sojoji suka sa aka kashe layukan salula a jihohin uku. Daga Umarari zuwa Gwange, daga Hausari zuwa Bulunkutu, waya ta koma tocila da agogo. Yau da ake yawan ba ma'aikatan kwamfuta da sadarwa shawarar su riƙa ajiye na'ura su huta, Maiduguri na cikin biranen duniya ƙalilan da suka ga yadda gari guda yake idan an raba shi da waya wata da watanni. Abin da tarihin garin ya nuna shi ne rabuwa da na'ura ba ta isa ta zama hutu ba. Hutu yana samuwa ne inda mutane masu sana'a ɗaya suka yarda da lokacin tashi, kowa ya san ranar da za a koma, kuma babu wanda zai rasa abincinsa don ya tsaya. Inda babu wannan yarjejeniya, ce wa mutum ɗaya ya kashe wayarsa ɗora masa laifin abin da ba shi ya tsara ba ne.

Borno ta san aikin ido da ƙwaƙwalwa tun kafin a san lantarki. Gwanayen tsangayunta sun yi suna a rubuta Alƙur'ani da ka, shafi bayan shafi, da alƙalamin kara da tawada, har ana kai rubutunsu Arewacin Afirka. Aiki ne mai cin ido da gadon baya, kuskuren wasali ɗaya kuma abin kunya ne a gaban malamai. Duk da haka tsangaya ba ta bar hutu a hannun kowane almajiri ya yanke wa kansa ba. Ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a ajiye allo Alhamis da Juma'a, al'adar da malamai kan jingina ga zamanin Sayyidina Umar, ga kuma hutun Sallah da na Mauludi. Ƙarfin wannan tsari shi ne kowa da kowa ya shafa. Almajirin da ya jingine allonsa ranar Alhamis ba ya fargabar wani zai wuce shi da izu, domin wancan ma nasa a jingine yake. Kasuwa ma da ranarta. Heinrich Barth, wanda ya iso Kukawa a 1851, ya bayyana babbar kasuwar da ke ci kowace Litinin a wajen garin, kuma bayan da Shehu Abubakar Garbai ya koma Yerwa, wato Maiduguri, a 1907 aka ci gaba da kiran babbar kasuwar sabon gari da sunan wannan rana, ko da yake yanzu kullum take ci.

Aikin sadarwa na zamani ya fara zuwa ne da agogon gwamnati. Gidan waya yana da lokacin buɗewa da na rufewa, jirgin ƙasa da ya iso Maiduguri a 1964 yana da jadawalinsa, ma'aikacin NITEL kuma in ya tashi ya tashi, wanda tarhonsa ya lalace sai ya jira gobe, ko jibi, ko wata mai zuwa. Ba wanda zai yi kewar wannan lalaci. Amma da MTN da Econet suka fara aiki a Agusta 2001, Glo ta biyo baya a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa, abin da ya bazu ya fi layi yawa. Sana'o'i ne suka tsiro waɗanda ba su gaji lokacin tashi daga kowa ba: mai lema da tebur da ake biya a yi kira, mai sayar da kati, mai tura waƙoƙi da karatu a memori, mai gyara, mai caji, daga baya mai rajistar layi da mai POS. A duba rumfar mai caji a kowace unguwa: katako ne aka jera wa soket sama da ƙasa, wayoyi na rataye kamar jemagu, kowace da 'yar lamba a manne, ɗan janareta na kuka a gefe. Ba zai iya matsawa ba, domin dukiyar mutane ce a hannunsa, in ɗaya ta ɓata shi zai biya. Ba zai iya rufewa da wuri ba, domin rumfar da ke kallonsa tana buɗe, wanda ya zo ya tarar da ƙofa a rufe sau biyu kuwa ya canja wuri ke nan. Mai gyara ma haka, ido a kan allon waya ƙarƙashin fitila, mai kaya na tsaye a kansa yana cewa "Malam, yanzu nake so." Gajiyar wannan sana'a daga nan take fitowa, daga gasar da babu wanda ke da ikon tsayar da ita shi kaɗai.

Sai rikici ya ƙara nasa. A farkon Satumba 2012 'yan Boko Haram suka bi turakun sadarwa suna ƙonawa a Maiduguri, Damaturu, Potiskum, Kano da wasu garuruwa, bisa zargin kamfanoni na taimaka wa jami'an tsaro wajen bin sawunsu. Daga nan injiniyan da ke kai man dizal ko gyara eriya ya zama mutumin da aikinsa ke iya cin ransa, ga dokar hana fita, ga shingayen bincike, ga haramcin hawa babur da aka sa tun 2011. Shekara ba ta cika ba sai gwamnati da kanta ta kashe abin da maharan suka kasa gamawa, a watan Yuni 2013 kuma sojoji suka haramta har wayar Thuraya a Borno. A lokacin ne matasan da aka fi sani da 'yan gora suka fito da sanduna, unguwanni irin Umarari, Jajeri da Ngarannam kuma suna cikin waɗanda suka fi shan wuyar waɗannan watanni. An mayar da sabis a Adamawa da Yobe cikin Yuli, Borno ta daɗe fiye da haka, har mutane kan hau mota su yi tafiyar kilomita fiye da 130 zuwa Damaturu, a hanyar da ba ta da tabbas, don kawai su kira ɗan'uwa su ce muna nan da rai.

In da na'ura ce tushen damuwa, da waɗannan watanni sun zama sauƙi ga masu sana'ar waya. Akasin haka aka gani, kuma dalilin a fili yake. Mai kati ya zauna da jarinsa a aljihu ba mai saye, mai gyara ba ciniki, wanda matarsa ke naƙuda cikin dare ba shi da hanyar kiran kowa. An tsaya tare, amma ba da shawarar masu tsayawar ba, ba ranar komawa, ba kuma abin sawa a tukunya. Cikin sharuɗɗan hutu ukun nan babu ko ɗaya da ya cika. Shekara takwas bayan haka garin ya ga ɗaya fuskar. A Janairu 2021 aka tarwatsa turakun babban layin wuta da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a ƙarshen Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake kayar da su, Maiduguri ta yi kusan shekara a duhu. Wannan karon layi na aiki, wuta ce babu, don haka masu caji da masu haɗa sola suka shiga kakarsu. Kuɗi ya shigo, barci ya fita. Duhun da a da yake tilasta wa mai sana'a ya tashi ya zama shi ne ke tsare shi a rumfa har tsakar dare. A 2013 rashin aiki ya gallabi waɗannan mutane, a 2021 yawansa, kuma a duka biyun wani ne daga nesa ya yanke musu yadda ranarsu za ta kasance.

Akwai mai cewa maganar gajiyar aiki a garin da ya ga bama-bamai, ya ga sansanonin gudun hijira, ya ga ambaliyar madatsar Alau a Satumba 2024, magana ce ta wanda ya ƙoshi. Wannan suka tana da nauyi, domin wanda bai san abincin gobe ba ba ya lissafin awannin barci. Sai dai garin da ya dogara da waya don sanin inda aka kai hari, don karɓar kuɗin tallafi, don neman wanda ruwa ya raba da iyalinsa, shi ya fi kowa buƙatar masu riƙe da layin su kasance cikin hayyacinsu. Mai POS da ya kwana biyu bai runtsa ba, kamar yadda da yawa suka yi lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, shi ne zai tura kuɗin wani zuwa asusun wani. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta yi bayanin irin wannan matsananciyar gajiyar aiki a 2019, ta danganta ta ne da matsin wurin aiki da aka kasa shawo kansa, wato ta ɗora abin a kan yadda aka tsara aikin.

Wani kuma zai ce Musulmi ba ya buƙatar a koya masa hutu, tunda salla biyar na raba masa yini, Juma'a kuma na raba masa mako. Gaskiya ne, kuma wannan ma hujja ce ga abin da ake faɗa: shago na rufuwa lokacin Juma'a ba tare da asara ba saboda duk layin shagunan ya rufe. Amma waya ta shiga inda ƙyauren shago bai kai ba. Takardar da ake liƙawa a bangon masallatai ana roƙon a kashe waya shaida ce cewa ciniki na bin mutum har sahu, kuma da an yi sallama hannu ke komawa aljihu. Mintuna goma na salla ba za su biya bashin barcin wanda ke amsa kiran kwastoma ƙarfe ɗaya na dare ba.

Suka mafi ƙarfi ita ce layi ba ya barci, asibiti da banki da jami'an tsaro na buƙatarsa dare da rana, saboda haka ba za a kwatanta shi da tsangaya ba. Layi kam ba ya barci, amma ba a taɓa cewa mutum ɗaya ne zai riƙe shi ba. Asibiti ma ba ya rufewa, da karɓa-karɓa yake tafiya. Faransa ta bi ta hanyar doka: tun 1 ga Janairu 2017 kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye dole ya tattauna da su kan lokutan da ba za a neme su ta waya ko imel ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta tanadi hutun yini guda a kowane mako da aƙalla kwana 6 na hutun shekara da albashi. Matsalar ita ce yawancin masu sana'ar waya a Maiduguri ba su da takardar ɗaukar aiki. Ko dai su ne iyayen gidan kansu, ko yaran shago ne da ke koyon aiki a hannun maigida, kuma babu jami'in ƙwadago da zai leƙa rumfar caji a Umarari. Abin da ke da iko a kansu shi ne ƙungiyar kasuwa, wadda ke karɓar kuɗin wata, ta sasanta rigimar wayar sata, ta tara gudummawa in an yi rasuwa ko gobara. Mai iya wannan zai iya sa lokacin rufewa, ko ya tsara wa masu caji da masu POS na unguwa ɗaya wanda zai kwana a buɗe yau da wanda zai kwana gobe.

Wanda wannan hanya ba ta kai gare shi ba shi ne sabon ma'aikacin da ya fito daga Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat, yana rubuta manhaja ko zane a ɗakinsa don wani kamfani a Legas ko ƙetare. Ba shi da layin shaguna da za su rufe tare da shi, abokan gasarsa suna Indiya da Kenya, kuma idan mai ba shi aiki yana gabashin Amurka, lokacin da ake kiran la'asar a Maiduguri can hantsi bai gama ɗagawa ba. Ranar aikinsa ta biyu tana farawa ne bayan isha'i, a kan batirin da ya tara da rana.