Tef Ɗin Tela a Hannun Likita: Tarihin Auna Bayan da Ke Sandarewa

Idan aka ce wa mutum ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba, ido motsi ɗaya yake gani. A haƙiƙa kuwa motsi biyu ne suka haɗu: ƙugu yana juyawa a kan cinyoyi, ƙashin baya kuma yana lanƙwasa gaɓa bayan gaɓa. Mutumin da bayansa ya sandare kamar taɓarya yana iya kai hannu kusa da ƙasa, muddin mahaɗar cinyarsa tana da lafiya. Wani kuma bayansa garau, amma jijiyoyin bayan cinyarsa sun ɗaure, da ƙyar yatsunsa za su wuce gwiwa. Raba waɗannan motsi biyu shi ne abin da ya daɗe yana ba likitoci wuya game da wata cuta da ake kira ankilosin sifondilaitis, wato amosanin da ke kama ƙashin baya, ya fara da kumburi, a wasu mutane ya ƙare da manne gaɓoɓin su zama ƙashi guda.

Cutar takan fara ne kafin mutum ya kai shekara 45, galibi ma a ƙuruciya. Ciwon yakan tsananta da dare da asuba, ya yi sauƙi idan an motsa jiki, akasin ciwon bayan da ɗaukar kaya ke jawowa. Mafarinta mahaɗar da ke tsakanin gindin ƙashin baya da ƙashin ƙugu ce, daga nan take hawa sama.

Bayanin farko da ake yawan ambata an yi shi ne a kan ƙwarangwal. A farkon shekarun 1690 wani matashin likita ɗan ƙasar Ailan, Bernard Connor, yana karatu a Faransa, ya ci karo da ƙasusuwan wani mamaci waɗanda ƙashin ƙugu da gaɓoɓin baya da haƙarƙari duk suka haɗe ba tsaga. Bayaninsa ya fito a mujallar Royal Society ta Landan a 1695. Abin burgewa shi ne yadda ya yi hasashen rayuwar mai ƙwarangwal ɗin: ba zai iya sunkuyawa ko juyawa ba, kuma tun da haƙarƙarinsa ba ya ɗagawa, numfashinsa ya dogara ne a kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Waɗannan abubuwa, lanƙwasa da juyawa da buɗewar ƙirji, su ne dai ake aunawa har yau.

Sai bayan shekara ɗari biyu aka siffanta cutar sosai a jikin masu rai: Vladimir Bekhterev a Rasha a 1893, Adolf Strümpell a Jamus a 1897, Pierre Marie a Faransa a 1898. Dukansu da ido da kalmomi suka yi aiki, suka kwatanta mutum mai doro, kai a gaba, wanda idan zai waiwaya sai ya juya jikinsa duka. Hoton ƙashi, wanda aka gano a 1895, daga baya ya nuna bayan da ya koma kamar sandar gora. Amma kalma ba ta iya gaya wa likita ko majinyacin da ya gani bara ya ƙara sandarewa bana.

Wanda ya kawo lamba cikin lamarin shi ne Paul Schober, likita a Wildbad, wani gari a Jamus da masu amosanin gaɓɓai ke zuwa wanka a maɓuɓɓugarsa mai ɗumi. A 1937 ya wallafa dabararsa, kuma sauƙinta ne ƙarfinta. Majinyaci yana tsaye, a sa alama a fatarsa daidai gindin ƙashin baya, a sa wata santimita 10 a sama. Sai ya sunkuya iya ƙarfinsa, a sake auna tsakanin alamomin biyu. Idan gaɓoɓin kwankwaso suna buɗewa, fata takan miƙe, tazarar ta ƙaru da santimita 4 ko 5. Idan sun manne, ko da mutum ya kai tafin hannu ƙasa ta hanyar juya ƙugu, alamomin ba za su matsa daga juna ba. Ta haka aka fitar da ƙugu daga lissafi, da tef irin na tela da alƙalami kawai.

Dabarar tana da rauni, domin fata ba a ƙusance take da ƙashi ba, takan zame idan an sunkuya. A 1969 Macrae da Verna Wright, a birnin Leeds na Ingila, suka ƙara alama ta uku, santimita 5 ƙasa da ta farko, aka koma auna santimita 15. Sun gwada awon nasu da hoton ƙashi, suka ga ya fi na asali dacewa da shi. Wright da abokin aikinsa John Moll suka ci gaba da wani aiki mai gundura amma wajibi: auna ɗaruruwan masu lafiya, maza da mata, manya da matasa, don a san mene ne daidai. Sakamakonsu na 1971 ya nuna cewa baya yana rage lanƙwasa da shekaru ko babu cuta, kuma maza da mata sun bambanta. Santimita 4 a jikin dattijo da santimita 4 a jikin saurayi ba magana ɗaya suke faɗa ba.

Wannan ya taɓa ƙa'idojin gane cutar. Waɗanda aka tsara a Niyok a 1966 sun ɗauki buɗewar ƙirji da ba ta wuce santimita 2.5 ba a matsayin alama. Ƙirjin da ya kai wannan matsayi kuwa ya riga ya yi nisa. Da aka gyara ƙa'idojin a 1984 sai aka ce a kwatanta mutum da sa'o'insa a shekaru da jinsi. Duk da haka an bar sharaɗi ɗaya mai nauyi: dole hoton ƙashi ya nuna lalacewa a mahaɗar ƙugu. A ganina nan ne tarihin ya fi ciwo. Tef da hoton ƙashi duka shaidun ɓarnar da ta riga ta auku ne, kuma hoton yana iya ɗaukar shekaru kafin ya nuna komai. Saurayi ko budurwa mai kwana da ciwo, amma bayansa yana lanƙwasa kuma hotonsa fes, sai a sallame shi da maganin kashe zafi, wani lokaci har da zargin raki. Mata sun fi shan wannan, domin an daɗe ana ɗaukar cutar ta maza ce.

Awon Schober kwankwaso kawai yake gani, don haka aka yi ta ƙirƙiro wasu. Faransawa suna auna tazarar ƙeya da bango idan mutum ya jingina dugadugansa da bayansa, suna kiranta kibiyar Forestier, da sunan likita Jacques Forestier. Kowane asibiti ya riƙe nasa salon, har sakamakon wani wuri ya kasa kwatantuwa da na wani. A 1994 masu bincike a asibitin amosanin gaɓɓai na garin Bath a Ingila suka tace tarin awon, suka zaɓi biyar: juyawar wuya, tazarar bango da ɗan guringuntsin bakin kunne, lanƙwasa gefe, awon Schober da aka gyara, da iya nisan da mutum zai ware idon sawunsa biyu. Suka haɗa su cikin maki ɗaya daga 0 zuwa 10, wanda ake kira BASMI. Dalilin barin ƙeya a koma kunne shi ne majinyaci yana iya ɗaga haɓa ya manna ƙeyarsa da bango, kunne kuwa ba ya bin wannan wayo. Bincike na baya ya nuna cewa lanƙwasa gefe ita ce kan fara raguwa, tun kafin awon Schober ya nuna matsala.

Abin da ya sauya ma'anar awon shi ne magani. A farkon shekarun 2000 aka fara amfani da allurai masu toshe sinadarin kumburi da ake kira TNF, kuma aka ga makin wasu majinyata yana gyaruwa. Ƙashin da ya manne ba ya warwarewa, saboda haka abin da ya gyaru ɗin ɗaurin kumburi ne. Ashe tef yana auna abu biyu a haɗe, ɗaya mai komawa, ɗaya marar komawa, kuma a farkon cutar kason kumburi ya fi yawa. Jira ya zama asara. A 2009 ƙungiyar masana ta duniya mai suna ASAS ta fitar da sababbin ƙa'idoji da suka karɓi hoton MRI, wanda ke ganin kumburi kafin ƙashi ya lalace, da gwajin jini na ƙwayar gado HLA-B27, wadda aka gano alaƙarta da cutar tun 1973. Awon lanƙwasa baya ya fita daga sharuɗɗan, ya koma aikin da ya fi iyawa, wato bin diddigin majinyaci daga shekara zuwa shekara.

A Afirka ta Yamma lissafin ya ɗan bambanta. HLA-B27 ba ta da yawa a nan, kuma wani bincike da aka wallafa a 1997 ya same ta a jikin kusan kashi 6 cikin ɗari na Fulanin Gambiya, amma bai sami mai cutar ko ɗaya ba cikin waɗanda aka duba. Ƙarancin cuta yakan sa likita ya daina tuna ta, ga kuma tarin fuka na ƙashin baya, wanda dole a fara kawar da zatonsa. MRI yana da tsada kuma sai a manyan asibitoci. Don haka matashin da ciwon baya ya yi wata uku yana tashinsa da asuba, abin da likita ko mai gashin ƙashi zai fara samu a hannu shi ne tambayoyi da tef da bango, da kati da za a rubuta santimitocin yau don a kwatanta su da na baɗi.