Daga Randa Zuwa Firiza: Yadda Sanyi Ya Zama Haja a Gusau da Kewayenta

A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a Gusau, mai sayen zoɓo ba ya fara tambayar kuɗi. Hannu yake kai wa kwalba tukuna. In ya ji ta da ɗumi ya wuce, ko da zoɓon ya sha citta da kanumfari. Abin da yake biya wa kuɗi rabi zoɓo ne, rabi sanyi. Haka abin yake a Tsafe da Bungudu, da garuruwan da ke cikin lungu irin su Kekun Waje. Amma sayar da sanyi sabuwar sana'a ce a wannan ƙasa. Kakanninmu sun sha ruwa mai sanyi ɗaruruwan shekaru ba tare da sun biya anini a kansa ba.

Randa ce ta yi musu wannan aiki, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Maginan tukwane suna gasa yumɓu ne yadda zai yi ƙarfi amma bai toshe gaba ɗaya ba. Ruwan da ke ciki yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ya jiƙa bayan randar, iska ta busar da shi. Bushewar nan ba kyauta take faruwa ba, zafi take ci. Zafin da ake buƙata kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda zai ɗauki wannan litar daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Daga jikin randar da ruwan cikinta ake zarar wannan zafi, shi ya sa ruwan ke hucewa. Matan gida sun san sharuɗɗan aikin sarai: a girke randa a inuwa inda iska ke ratsawa, a kafa gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, a rufe bakinta da faifai, a ajiye moɗa guda a kai. Wasu kan jefa saiwar jema don ƙamshi. Fatake da makiyaya kuwa salka suke ratayawa, fatar tana naso kaɗan kaɗan, tafiya tana ba ta iska.

Abin burgewa shi ne randa ta fi ƙarfi daidai lokacin da aka fi buƙatarta. A bazara iskar Zamfara busasshiya ce ƙwarai, don haka tsattsafin yana bushewa da sauri, ruwan yana yin sanyi sosai. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da laima, sai aikin randa ya ragu, amma a lokacin gari ya yi sauƙi. Iyakarta ɗaya ce: ba ta iya kai ruwa kusa da daskarewa, kuma sanyinta bai isa ya hana abinci lalacewa na dogon lokaci ba. Saboda haka aka bi wasu hanyoyin. Nama ya zama kilishi, tumatir ya zama kauɗa, kuɓewa da kuka aka shanya aka daka, madara aka bar ta ta kwana ta zama nono, fura kuwa kullum sai an kirɓa sabuwa.

A wasu sassan duniya labarin ya bi wata hanya. A 1806 wani ɗan kasuwar Boston, Frederic Tudor, ya fara yanko ƙanƙarar tafkunan Amurka yana kai ta ƙasashe masu zafi a jirgin ruwa, har ta isa Kalkata a Indiya a 1833. Injin da ke yin sanyi da kansa ya samu gindin zama ne a shekarun 1870, lokacin da Bajamushe Carl von Linde ya ƙera na'urar da ke aiki da iskar amoniya, kuma masu dafa giya na Munik ne suka fara ɗaukar nauyin aikinsa, don sana'arsu ba ta yiwuwa sai da sanyi madaidaici. Turawan da ke ajiyar giyar inabi su ma sun daɗe suna tona ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, inda yanayi ke tsayawa kusan digiri 12 zuwa 13 rani da damina. Ƙananan firij masu ƙofar gilashi da ake ƙera musu yau wannan ɗakin ƙasa suke kwaikwayo. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin irin waɗannan na'urori suna shigowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo, ana sayensu don wani aiki dabam da ba a yi su dominsa ba.

Sanyin inji ya iso yankin Gusau ne a bayan jirgin ƙasa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka jawo kamfanonin Turawa, Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ta zama cibiyar ciniki mai kantuna da Sabon Gari. A wancan zamani akwai firij ɗin da ba ya buƙatar lantarki. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, sun ƙirƙiro a 1922 wani tsari da ke samar da sanyi daga zafi, kamfanin Electrolux ya fara sayar da shi a 1925. Nau'insa mai aiki da kananzir, da lagwani kamar na fitila, shi ya yaɗu a gidajen jami'an mulkin mallaka da asibitocin mishan a faɗin Afirka. Talaka dai sai labari.

Kwalba ce ta shigo da firij cikin rayuwar jama'a. An kafa kamfanin da ke zuba Coca-Cola a Najeriya a 1951, na Seven-Up ya fara aiki a 1960. A gefe guda lantarki yana faɗaɗa: madatsar Kainji ta kammala a 1968, aka haɗe hukumomin wuta biyu aka samar da NEPA a 1972. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara sayen firij, sunan Thermocool ya zama sananne, a hankali firij ya shiga jerin kayan ɗakin amaryar masu hali. Karrama baƙo ma ta sauya. A da moɗar ruwan randa ake fara miƙa masa, sannan fura. Yanzu sai a aiki yaro kanti da gargaɗin ya zaɓo lemo mai sanyi.

Gusau ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, da aka cire Zamfara daga Sakkwato. Ma'aikata suka ƙaru, gidaje suka ƙaru, nauyin da ke kan wayar wuta ya ƙaru. A ranar 27 ga Oktoba 1999 gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a garin, ta fara aiki a Janairun 2000, aka haramta sayar da barasa. Don haka tambayar wace kwalba za a sanyaya a Zamfara amsarta a fili take: lemo, maltina, ruwa, da abin shan gida. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ruwan leda ya mamaye ƙasa, robobin ruwa da na lemo suka yawaita. Matan aure da ke cikin gida suka ga hanya. Su wanke robar da aka shanye, su ɗura zoɓo ko kunun aya ko lamurje, su ba yaro ya kai bakin kasuwa ko tasha.

Sai dai wuta ba ta taɓa zama abin dogaro ba. NEPA ta koma PHCN a 2005, aka sayar da sashen rarrabawa a 2013, Zamfara ta faɗa ƙarƙashin kamfanin Kaduna tare da Sakkwato da Kebbi. Sunaye sun sauya, ihun yara in an kawo wuta bai sauya ba. Daga wannan giɓi aka haifi sana'ar ƙanƙara. Mai jari ya tara firiza ko ya sa a ƙera masa injin daskarewa, ya haɗa da janareta, ya ɗaura ruwa a leda. Masu ƙaramin ƙarfi su saya su fasa cikin kula, su jera kwalabe. Kula ba ta yin sanyi, tsare shi kawai take yi, amma ita ce ainihin firij ɗin mai talla. Daga birni ƙanƙara ke fita a bayan babur, naɗe cikin buhu, kuma duk nisan da aka ƙara wani ɓangare nata ya zama ruwa. Mutumin Kekun Waje yana biyan kuɗin abin da ya narke a hanya tare da wanda ya iso. Daga 2019 zuwa 2025 azumi ya yi ta faɗowa tsakanin Maris da farkon Yuni, tsakiyar zafi ke nan, kuma duk wanda ya ga layin masu neman ƙanƙara bayan la'asar ya san darajarta. Abubuwa biyu suka ƙara matse sana'ar. A 2021 gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin mako ta kuma hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar 'yan bindiga, alhali da jarka mai janareta ke ɗebo mansa. A ranar 29 ga Mayu 2023 kuma aka cire tallafin fetur.

Akwai mutumin da ya waiwayi randa tun kafin wannan, kuma a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a Arewa ba. Mohammed Bah Abba ya kasance malamin makaranta a Jigawa, daga gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin yana bushewa ta jikin tukunyar waje, ta ciki tana sanyi a bushe. A gwajinsa yalo da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai kusan mako uku. Ya samu kyautar Rolex a 2000, ta dala 75,000, ya sa kuɗin wajen rarraba tukwanen a ƙauyuka. Hujjarsa ta wuce kayan miya: in amfanin gona ba ya ruɓewa a rana guda, ba dole ba ne a tura yarinya talla kullum, sai ta samu zuwa makaranta. Kwalbar ruwa ko ta lemo ma tana hucewa a wannan tukunya ba tare da an sayi ƙanƙara ba.

Wanda zai sayi na'urar sanyaya kwalabe a yau wannan tarihin ya gada, kuma yawancin asarar da ake yi daga mance shi take fitowa. A jikin kowane firij akwai 'yar takarda da ke nuna yanayin da aka ƙera shi dominsa. Harafin N yana nufin ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST ya kai 38, T kuma 43. Firij ɗin gwanjo da ya fito daga Turai sau da yawa N ne. A shagon kwano a Gusau cikin bazara injinsa zai yi ta gudu ba hutu har ya ƙone, mai shi ya ɗora wa mai gyara laifi. Ƙananan na'urorin nan marasa ƙara da aka yi don giyar inabi sun fi wannan rauni. Da yawansu ba su da kwamfireso, suna aiki ne da wata dabarar lantarki da Bafaranshe Jean Peltier ya gano a 1834, wadda ba ta iya rage zafi sai da ɗan ƙayyadadden adadi ƙasa da na ɗakin da take. A ɗaki mai digiri 22 suna cika aikinsu. A digiri 42 randa mai kyau za ta iya fin su.

Ko da sun kai digiri 12 ɗin da aka tsara musu, wannan ba sanyin kunun aya ba ne. Lemon da kamfani ya rufe ba ya lalacewa don ya yi ɗumi, daɗin sha kawai yake rasawa. Amma kunun aya da kindirmo da fura damammiya suna buƙatar ƙasa da digiri 5, in ba haka ba ƙwayoyin cuta na ci gaba da hayayyafa, robar ta kumbura, ɗanɗano ya juya. Mai sayar da irin waɗannan ya fi dacewa da firiza mai murfi a sama. Iska mai sanyi nauyi gare ta, in an buɗe murfin tana nan kwance a ƙasa, saɓanin firij mai ƙofar gaba da sanyinsa ke zubowa duk buɗewa. In an cika gindinta da robobin ruwa suka daskare, za su riƙe kayan sa'o'i masu yawa bayan an ɗauke wuta. Ƙofar gilashi tana jan ido, amma tana shigo da zafi, sai mai wuta tsayayya. Kuma inda wuta ke zuwa da rauni ko da ƙarfi fiye da kima, na'urar daidaita ta ba ado ba ce.

Wurin da aka fi ɗaukar wannan lissafi da muhimmanci shi ne asibitin karkara. Yawancin allurar rigakafin yara dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, wasu nau'o'inta ma daskarewa ke kashe su kamar yadda zafi ke yi, haka kuma insulin ɗin masu ciwon suga. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta soma shirin faɗaɗa rigakafi a 1974, an bi ta kan firij ɗin kananzir, aka koma mai bangon ƙanƙara a ciki, yanzu kuma ana girka mai sola wanda ba ya buƙatar batir: da rana yana daskarar da ruwan da ke jikin bangonsa, da dare wannan ƙanƙarar ta riƙe magani. Masu shaguna a Gusau sun fara bin sawu da firizar sola, kuma su ne ke da ruwan sanyi a ranakun da unguwa ke cikin duhu. Kuɗin sayenta da faifan rana da batir ya fi ƙarfin mai tallan zoɓo nesa ba kusa ba. Inda za ta fi amfani, ƙauyukan Bungudu da Tsafe masu nisa da injin ƙanƙara, nan ne kuma mai gyaranta ya fi wuyar samu, ga hanyar da masu sana'a da yawa ke tsoron bi.